Inda Auta Ya Ajiye Muryar Inna

Ni ce 'yar fari a wajen Innarmu, don haka ba ta kiran sunana. Duk wanda ya tashi a gidan Fulanin da suka zauna gari ya san wannan, ba sai an yi masa bayani ba. "Ke" ce ni, ko "waccan", in kuma ranta ya yi fari ta ce "mai surutun nan". Na yi aure ba ta kira ba, na haihu ba ta kira ba. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidanmu na Ƙofar Wambai a nan Bauchi da 'yan komatsaina, ta tarbe ni a bakin zaure ta ce, "Kin iso?" Shi ke nan. Ban taɓa jin haushi ba, haka na buɗi ido na ga ana yi. Sau ɗaya tak na ji sunana a bakinta, kuma a ranar akwai na'ura a kunne tana ɗaukar magana.

Auta shi ne ƙanena na ƙarshe, a bayana ya girma, ni na yaye shi ma in za a faɗi gaskiya. Ya yi karatun kwamfuta, ya ƙi aikin ofis, ya gyara ɗakin da ke jikin zaure ya sa tebur da fanka da batirin sola, shi da matarsa kuma suna sashen ciki. Sana'arsa haɗa manhajar waya. Yana da abokin aiki a Jos da ban taɓa sa wa ido ba, muryarsa kawai na sani, muryar mutumin da kullum kamar mota za ta tashi ta bar shi.

Wata shekara suka ƙudura yin manhajar da za ta koyar da girki da baki, saboda amaren da ba su iya karatu ba, da waɗanda suka iya karatun amma tuwonsu gudaji. Auta ya same ni ina tankaɗe ya ce, "Adda, wannan bakin naki da ba ya hutu, yau Allah ya kawo masa aiki."

Na ce, "Ka ci gidanku."

Ya ce, "Gidan namu ai ɗaya ne."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni da ko firamare ban ƙarasa ba, a ce muryata za ta shiga wayoyin mutane? Na yarda tun bai rufe baki ba.

Da hantsi muke yi, in yara sun tafi makaranta. Ya kafa ɗan makirfo a kan turmi da aka kife kusa da murhu, ya ja waya zuwa kwamfutarsa, ya toshe kunnuwansa da abin saurare. Ni kuma ina girki ina bayani. Matsalar ɗaya ce, ga ta can a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa da carbi a hannu.

Ina cewa, "Sai ki zuba yis cokali ɗaya," Inna za ta ce, "Yis! Wa ya san yis a da? Ku dai koya wa 'ya'yan mutane ƙaryar girki."

Ina cewa, "Ki bar albasar ta yi laushi," sai ta ce, "Ta ƙone dai. Tun daga nan nake jin ƙaurinta."

Wata rana ma, ina tsakiyar bayanin miyar taushe, ta dubi Auta ta ce, "Mijin waccan, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri. Shekara ashirin yana cin wannan miya bai kai ƙara ba."

Auta ya yi dariya har abin kunnensa ya zame. Ni ban yi ba.

Allah ya ba ni kunne. Da yamma in muka zauna sauraron abin da aka ɗauka, ina jin abin da shi mai na'urar bai ji ba: zakaran maƙwabta, hon ɗin keke a bakin layi, inda na ja numfashi kamar mai hawan dutse. In ce, "Yanke nan." Ya yanke. In ce, "Koma baya, akwai tari." Ya koma. Inna kuwa duk inda ta sa baki cewa nake a cire ta kakaf. Da farko na ɗan ji nauyi, na tambaye shi ko in an yanke ya tafi ke nan.

Ya ce, "Adda, a nan ba a ɓatar da komai. Wurin da muke ajiye aikinmu rifo muke ce masa, ki ɗauke shi kamar rumbu mai riƙo. Duk gyaran da na yi na ajiye, na jiya yana ƙasansa, na shekaranjiya yana ƙarƙashin na jiya. Ko bayan shekara goma kika ce in dawo miki da na ranar kaza, sai in zaro shi yadda yake."

"Har da surutun Inna?"

"Har da zakara."

Saboda wannan riƙon da ya yarda da shi, Auta bai taɓa ware na asali ya ajiye a wani wuri daban ba. In ya gyara, sai ya ɗora gyararren a kan tsohon da suna ɗaya, ya tura cikin rumbun nasa. Ni ban san wannan kuskure ba ne a lokacin. Shi ma, da ya yi karatun, bai sani ba.

Ranar darasin toya masa abin ya faru. Ɗan Bauchi ba ya wasa da masa, don haka na ɗaura ɗamara, na ce wannan darasin sai ya fi kowanne. Ƙullin ya tashi yadda ake so, tanda ta yi zafi, na sunkuya wajen makirfo don a ji ƙarar mai sosai. Ban lura gefen zanena ya kwanta a bakin murhu ba. Sai kawai na ji an kira sunana. Cikakkensa, wanda aka raɗa mini ranar suna, da ƙarfi, da wata murya da ta tsage a tsakiya. Kafin in waiga Inna ta iso kaina, tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, ta juye mini ruwan buta tana bugun zanen da tafin hannunta.

Wutar ba ta taɓa fatata ba. Da wutar ta mutu, Inna ta koma tabarmarta tana haki ta ce, "Ke ba ki da ido ne? Sai baki."

Na shiga ɗaki canza zane, na zauna a bakin gado ina ta maimaita kiran a raina, na ma manta da wutar.

Da yamma Auta ya kunna mini. Da muka zo wurin na ce ya tsayar, kunya ta rufe ni kamar na leƙa abin da bai kamata in gani ba. Na ce, "Yanke daga nan har inda na dawo."

Ya cire abin kunnensa ya dube ni. "Har da...?"

"Har da shi. Ai ka ce yana ƙasa."

"Yana ƙasa."

Washegari na yi abin da har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Kafin mu fara ɗauka na je gaban rumfa na ce, "Inna, don Allah in za mu yi aikin nan ki riƙa shiga ɗaki. Kina ɓata mana, kullum sai an yi ta yanke-yanke."

Ta dube ni, ta dubi Auta. Auta ya sunkuyar da kai cikin kwamfutarsa. Ta naɗe tabarmarta da kanta ta ce, "To. Gida ya zama na 'yan rediyo." Daga ranar, da ta ga an kife turmi sai ta tashi ta shige. Darussan da muka ɗauka bayan nan tas suke, ba abin yankewa sai zakara.

Da damina Inna ta rasu. Zazzaɓin kwana uku ne, ba ta wahalar da kowa ba. Bayan sadakar arba'in, da 'yan'uwanmu na Zungur suka koma, na ce wa Auta ya zaro mini na ranar masa. Ya ce, "Bari hankali ya kwanta tukuna, Adda. Ba inda za shi." Na yarda da sauri, don ni ma tsoron ji nake. Sanin yana nan ya ishe ni. In na wuce ƙofar ɗakinsa na hango kwamfutar a kan tebur, sai in ji kamar Inna ce ke barci a ciki.

Bayan 'yan watanni aikinsu ya cije. Ɗakina bango ɗaya ne da nasa, kuma shi mutum ne mai sa waya a sifika, don haka duk rigimar a kunnena aka yi ta. Kwamfutar ta cika, ko ɗan rubutu ya zo ajiyewa sai ta nuna masa ja. Na Jos yana ta faɗa, wai kwana uku yana ƙoƙarin sauke rumbun a tasa kwamfutar, datarsa tana ƙarewa bai kai rabi ba, dole ya haƙura ya ɗebi na sama-sama. Kamfanin da ke riƙe musu kwafi a intanet shi ma ya fara ƙin karɓa, wai kayan sun yi nauyi. Ga masu son manhajar sun sa musu rana.

Na kai masa kunu na tarar ya dafe kai. Na ce, "Wai me ya cika ta haka? Darasi nawa muka yi duka-duka?"

Ya ce, "Ke kika cika ta."

"Ni?"

"Ke mana. Rumbun nan don rubutu aka yi shi. In na canza kalma ɗaya a rubutu, kalmar kawai yake ƙarawa. Amma murya ba ya iya duba cikinta. In na cire tari ɗaya, sai ya ɗauki darasin gaba ɗaya ya sake ajiye sabo, ga tsohon yana nan. Ke kuwa darasi ɗaya sai ki sa a gyara sau talatin. Yanke nan, koma baya, akwai numfashi. To ga numfashinki nan ya toshe mana wuya."

Na ce, "Da ka faɗa ai da na bar muku tarin."

Kwana biyu ina jin su suna maimaita magana ɗaya: a fitar da manyan kaya a kai su wata ma'ajiya daban, a bar 'yar alama a madadinsu, sannan a kankare tarihi. Kalmar nan ta tsaya mini. Na leƙa na ce, "Auta, wane tarihi za ku kankare?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shara ce, Adda. Tari da kukan zakara."

Na koma na ci gaba da tsintar shinkafa. Washegari na ji shi yana dariya da na Jos, wai yanzu rumbun ya koma kamar takarda, cikin minti kaɗan ya sauka. Har na taya su murna.

Sai da shekara ta kusa zagayowa na ji zuciyata ta yi ƙwarin ji. Ranar wata Juma'a da safe na yi wanka na sa turare, kamar mai zuwa gaishe da wani, na same shi yana karyawa, matarsa tana zuba masa shayi. Na ce, "Yau nake so."

Ya gane. Ya buɗe kwamfutar ya yi ta danne-danne, ya rufe, ya sake buɗewa. Na san Auta tun yana cikin zanen goyo, na san lokacin da yake neman abu da lokacin da yake neman abin faɗa.

Ya ce, "Babu."

"Me ye babu?"

"Na ƙarshe kawai muka bari a kowane darasi. Na ƙasa duk sun tafi."

"Na intanet fa?"

"Na goge tsohon na ɗora sabo."

"Na Jos?"

"Bai taɓa samun na ƙasan ba, ai kin ji."

Na ce, "Ka ce mini ko shekara goma. Ka ce mini ba inda za shi. Na tambaye ka da bakina, ka ce shara ce. Uwarka ce shara?"

A nan ya miƙe. Auta in ya rasa mafita cizo yake, tun yana yaro. Ya ce, "Wa ya ce a yanke ta? Ni? Sau nawa kika ce in cire ta kakaf? Wa ya je har gaban rumfa ya kore ta ɗaki don muryarsa ta fita tas? Da kin bar ta, da yanzu tana cikin kowane darasi, duniya tana ji. Ke kika goge ta, Adda, ni shara kawai na kwashe."

Matarsa ta ce, "Haba, ya isa mana."

Bai isa ba. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya ce, "Kuma ma wannan abin da kike ta ɗoki a kai, ni da abin saurare a kunnena ban ji ta kira sunanki ba. 'Ke' ta ce. Kunnenki ne ya jiye miki."

Ban san yadda na koma ɗaki ba. Daga baya na sa matarsa ta lallaɓe shi ya kai kwamfutar wajen wani mai gyara a Wunti, mutumin ya ce an riga an rubuta sababbin abubuwa a kan gurbin, ko aljani ba zai tono ba. Wannan bai dame ni kamar ɗayar maganar ba. Ina wanke-wanke sai in tsaya in sake jin ranar a kaina: ƙarar mai, ihun, ruwan buta. Yau in ji sunana sarai, gobe in ji "ke". Ni da ake kira in raba gardama in an yi musun wa ya ce me a gidan biki, na koma ban yarda da kunnena ba. Mutum biyu ne shaida, ɗaya tana kabari, ɗaya ya ce ba a yi ba.

Wata biyu ba na ce masa ko sannu. Abincinsa dai ina zubawa in matarsa ba ta nan.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, ko da yake gidan duk sun sani. Mai kunne yakan iya kwaikwayo, kuma shekara hamsin ina sauraron mace ɗaya. Wata rana bayan la'asar surukansa maza biyu suka zo, suna zaure shi da su suna cin dambu. Na shiga ɗakin Inna, wanda ba a buɗewa sai in za a share, na tsaya bayan labule. Na matse maƙogwaro, na ja ƙarshen kalmar yadda take ja in tana son aike.

"Autaaa! Zo ka miƙo min butar nan."

"Na'am, Inna!"

Da gudu ya shigo, takalmi ƙafa ɗaya, dambu a hannunsa. Sai da ya kai tsakiyar gida ya tuna. Na ga lokacin da ya tuna, ta ramin labule nake kallo. Ya tsaya cak, bakinsa a buɗe, dambun yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ƙato mai gemu, sai ga shi ya durƙushe a gaban rumfa yana wani irin kuka marar sauti, surukansa suna leƙe daga zaure.

Na ɗaga labule na fito na wuce ta gabansa. Na ce, "Lafiya? Wa ya kira ka? Kunnenka ne ya jiye maka."

Matarsa ta biyo ni har madafa tana hawaye ta ce, "Adda, wallahi wannan ba kyau." Na ce na sani. Na kuma ji daɗinsa har cikin raina, kwana biyu ina jin daɗin, kafin ya juye ya zama wani abu.

A rana ta huɗu da hantsi ya yi sallama a ƙofata. Makirfo ne a hannunsa da waya a naɗe. Idonsa ya faɗa. Ya zauna a dokin ƙofa ya ce, "Adda, ki sake yi. In ɗauka. Ko kaɗan ne. Wannan karon wuri uku zan ajiye."

Na ce, "Ta kira ko ba ta kira ba?"

Ya daɗe yana murza wayar a hannunsa. Ya ce, "Ta kira."



Sai ya ƙara da cewa, "Sau biyu."

"Ƙarya kake. Sau ɗaya ne."

"Na biyun ba ki nan, kin shiga canza zane. Na'urar tana kunne. Ta dawo ta tsaya kusa da turmi tana duba inda wutar ta ci, sai ta sake faɗa a hankali, ita kaɗai, ta ce Allah ya tsare mata ke. Ke kin ce in tsayar tun a na farko, ba ki kai wurin ba."

"Kai ka kai."

"Na kai. Ranar da zan kankare ma sai da na zaro shi na saurara. Na ce bari in kwafe miki a waya, sai na Jos ya kira yana ihu, muka shiga aiki. Da na tuna na riga na danna."

"Shi ne ka ce mini ba a yi ba."

Ya ce, "In ba a yi ba, ban ɓatar da komai ba ke nan."

Na dube shi, yaron da na goya. Na ce ba zan yi masa muryar ba, ba yau ba, ba gobe ba, kuma ban yi ba har yanzu. Zan iya yi masa faɗanta da tsakinta da yadda take kiran kaji. Amma abin da nake nema ba ya cikin abin da na iya. Na farkon ihu ne, na gwada shi ni kaɗai ya fi a ƙirga, ihuna kawai nake ji. Na biyun kuwa ban taɓa ji ba, a duniya kunne ɗaya ne ya ji shi, ga shi zaune a dokin ƙofata.

Na ce, "To faɗa mini yadda ta faɗa. A hankalin. Yadda ka ji."

Ya gyara zama, ya rufe ido, ya yi gyaran murya. Ya faɗi sunana. Ya girgiza kai ya sake faɗa, ya sassauta. Ya sake na uku.

Muryar Auta ce kawai. Na ce ya tattara wayoyinsa ya ba ni hanya, rana ta yi ban ɗora sanwa ba.